Zauren Tambaya da Amsa: Me Ya Raba Ɗan Bamuda da Ɗan Yuganda a Ƙasar Waje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan mujalla, ni ma'aikaciya ce a wani gidan kula da tsofaffi a tsakiyar Ingila, shekarata uku ke nan da zuwa daga Kaduna. A wurin aikinmu akwai mata biyu da nake zama da su lokacin hutu, dukansu baƙar fata ne, kuma dukansu daga ƙasashen da Turawan Ingila suka mallaka suka fito. Ɗaya 'yar Yuganda ce, tana da digiri, amma ban taɓa ganin ta ƙi karɓar aikin dare ko na ƙarshen mako ba, kuma albashi na shiga take tura mafi yawansa gida. Ɗayar daga wani tsibiri take mai suna Bamuda, wanda da can ban san shi ba sai a labarin jiragen da ake cewa suna ɓacewa a teku. Ita ba ta aika wa kowa ko sisi, ba ta maganar biza, wani lokaci ma mahaifiyarta ce ke turo mata kuɗi, amma duk da haka ta ce talauci ne ya koro ta daga ƙasarsu. Na bincika na ga an ce Bamuda tana cikin wurare mafiya arziki a duniya. Yaya za a yi ɗan gidan masu arziki ya yi gudun talauci? Mene ne ainihin bambancin zaman waɗannan al'ummomi biyu a ƙasashen waje? Daga wata 'yar uwarku a Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba da ladan jinya. Ƙawayen naki biyu duk gaskiya suka faɗa miki, kuma abin da kika lura da shi ba bambancin hali ba ne ko na ƙwazo. Tushensa abu biyu ne: takardar da kowaccensu ta shigo da ita Ingila, da kuma inda kuɗinta ke dosa idan wata ya ƙare.

Sai dai kafin nan ya kamata a san girman wuraren biyu, don kada a yi ta auna giwa da ɓera a sikeli ɗaya. Bamuda 'yan tsibirai ne a arewacin tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Amurka, faɗinsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 54 ba, kuma ƙidayar 2016 ta sami mutum 63,779 a cikinsu, adadin da bai kai na ƙaramar hukuma guda a jiharku ta Kaduna ba. Yuganda kuwa ƙidayar 2024 ta nuna tana da mutum miliyan 45.9, kuma kusan rabinsu ba su cika shekara 18 ba. Haifaffun Yuganda da aka ƙirga a Ingila da Wales kaɗai a 2011 sun kai kimanin 60,000, wato kusan yawan mutanen Bamuda baki ɗaya, alhali haifaffun Bamuda da ke Birtaniya 'yan dubbai ne kawai. Idan aka raba abin da tattalin arzikin Bamuda ke samarwa a shekara ga mazaunanta, kowane kai zai tashi da sama da dala 100,000, yayin da na Yuganda yake wajen dala 1,000.

Wannan arziki na Bamuda ba daga ƙasa yake fitowa ba, domin ba su da ma'adinai, ba su da kogi ko ɗaya, ruwan saman da suke tarawa daga fararen rufin gidajensu shi ne na shansu. Daga kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora yake fitowa, waɗanda suka yi sansani a babban birnin tsibirin, Hamilton, suka kuma ƙara yawa bayan kowane babban bala'i da ya girgiza kasuwar inshora ta Amurka: guguwar Andrew a 1992, harin 11 ga Satumban 2001, da guguwar Katrina a 2005. Abin da ya jawo su shi ne sauƙin haraji da kusanci da New York, wadda tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgin sama. Ki riƙe wannan, domin a cikinsa ne amsar tambayarki take: kuɗin na manyan kamfanoni ne da ƙwararrun da suke ɗauka, da yawansu baƙi ne daga Birtaniya da Kanada da Amurka, amma tsadar da kuɗin ya haifar kowa ce take ci.

Maganar takarda kuwa tana da tarihi mai ban mamaki. Har zuwa farkon 1962, ɗan Kampala, babban birnin Yuganda, da ɗan Hamilton duk a ƙarƙashin mulkin Sarauniyar Ingila suke, duk suna iya shiga Ingila su zauna. A wannan shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar taƙaita shigowar mutanen ƙasashen da ta mallaka, kuma a ranar 9 ga Oktoban shekarar Yuganda ta karɓi 'yancin kanta. Bamuda ba ta karɓa ba. Da aka tambayi mutanenta a ƙuri'ar raba-gardama ta 1995, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce a bar su a ƙarƙashin Birtaniya. Duk da haka sun yi shekara arba'in ƙofar Ingila tana rufe a gabansu kamar kowane baƙo, sai a 2002 aka yi dokar da ta ba mutanen yankunan Birtaniya na ƙetare cikakken matsayin 'yan ƙasa. Masu lura da al'amura ba su manta ba cewa wannan karamci bai zo ba sai bayan an miƙa Hong Kong da miliyoyin mutanenta ga Sin a 1997, lokacin da waɗanda suka rage a yankunan ba su da yawan da zai tayar wa kowa hankali a Landan.

To, ƙawarki 'yar Bamuda a ƙarƙashin wannan doka ta shigo. A idon hukuma ita 'yar ƙasa ce da ta sauya gari: tana iya barin aikinku gobe ta kama wani, tana iya zama ba aiki, idan ta cika sharuɗɗan zama tana da damar neman tallafin haya da gidan gwamnati, tana jefa ƙuri'a, asibitin gwamnati kyauta ne gare ta. Tun 2007 ɗaliban yankunan ƙetare suke biyan kuɗin jami'a irin na 'yan gida a Ingila, wanda ya tsaya a kan fam 9,250 a shekara daga 2017 zuwa 2025, alhali ɗalibin Yuganda yakan biya ninki biyu ko uku na wannan. Ɗan Bamuda na asali ba ya buƙatar biza don ziyartar Amurka ko Kanada, jami'an shige da fice na Amurka ma a filin jirgin Bamuda suke tantance shi tun kafin ya hau jirgi. 'Yar Yuganda kuwa, idan da bizar aikin kula da tsofaffi ta zo, zamanta a ƙasar ɗaure yake da wanda ya ɗauke ta aiki, an rubuta mata a takarda cewa ba ta da haƙƙi a kuɗin tallafin gwamnati, kuma kowace sabuntawa kuɗi ce. Tun Maris 2024 aka hana sababbin masu zuwa wannan aiki kawo iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ƙofar ɗauko sababbi daga waje. Wannan ɓangaren ke kin fi ni saninsa, Malama, ba sai na tsawaita ba. Wanda zamansa yake hannun mai gidan aikinsa ba ya cewa a'a idan an ba shi aikin dare.

Saura batun talaucin da ta ce ya koro ta, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin shi ne abin da baƙo ba ya ganewa. Kusan duk abin da ake ci da wanda ake sawa a Bamuda a jirgin ruwa yake zuwa, kuma gwamnati tana samun babban kaso na kuɗin shigarta daga harajin kwastan da harajin da ake ɗorawa a kan albashi, saboda haka nauyin yana sauka ne a kan farashin burodi da madara da man fetur, abin da mai shara da manajan kamfani suke saye a farashi ɗaya. Ƙasar gini ta yi kaɗan, gida madaidaici yana iya kaiwa dala miliyan ɗaya, hayar ɗaki ɗaya da falo kuma ta kan haura dala 2,000 a wata. Kula da lafiya ya dogara ne a kan inshora mai tsada wadda yawanci take haɗe da aiki, wanda ya rasa aiki sai ya wayi gari a cikin haɗarin rasa magani. Mace mai 'ya'ya biyu da ke aiki a otal ko kanti tana iya karɓar albashin da idan an faɗa a Kampala za a ce ta zama attajira, amma a Hamilton hannu baka hannu ƙwarya take yi.

Kuma wannan matsi bai faɗa wa kowa daidai ba. Sama da rabin mutanen Bamuda baƙar fata ne, kusan kashi ɗaya cikin uku Turawa. An fara kawo baƙaƙen fata tsibirin tun 1616, ba a soke bauta ba sai 1834, kuma wariyar launin fata a gidajen sinima da otal-otal ta ci gaba har sai da aka yi ƙaurace wa gidajen sinima a 1959. Ƙuri'a ta daɗe tana ɗaure da mallakar fili, ba a daidaita ta ga kowane baligi ba sai a 1968. A 1920 an yi doka aka tashi ɗaruruwan mutane, mafi yawansu baƙar fata, daga unguwar Tucker's Town domin a gina wa masu kuɗin Amurka wurin shaƙatawa, kuma yau tana cikin unguwanni mafiya tsada a duniya. A wurin da fili ya yi wannan daraja, wanda kakansa ya bar masa gida da wanda aka ƙwace na kakansa ba za su tashi daidai ba. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, Bamuda ta yi shekaru a jere tana ja da baya, ayyuka suka ragu, daga wajen 2009 kuma rikicin 'yan daba da harbe-harbe ya ƙaru a wasu unguwanni. Iyalai da dama suka tattara 'ya'yansu maza suka nufi biranen Ingila masu sauƙin haya, nesa da Landan. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi, kuma sanyin Ingila ga mutumin da ya tashi a bakin teku mai ɗumi ba ƙaramar wuta ba ce.

Ba duk 'yan Bamuda na waje ne haka ba. Tsibirin ba shi da cikakkiyar jami'a, kwaleji guda gare shi, saboda haka fita karatu Kanada ko Amurka ko Ingila tsohuwar al'ada ce, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fita ba sa dawowa, suna zama lauyoyi da akantoci da masana lissafin inshora a Landan da Toronto da New York. Masu bin ƙwallo za su tuna Clyde Best na West Ham, ɗaya daga baƙaƙen fata na farko da suka yi fice a gasar Ingila, da Shaun Goater na Manchester City, duk 'yan Bamuda ne.

'Yan Yuganda na waje kuwa ba a yi musu kuɗin goro, domin ba lokaci ɗaya suka fita ba kuma ba dalili ɗaya ya fitar da su ba. Akwai waɗanda suka tsere wa Idi Amin bayan ya ƙwace mulki a 1971, yawancinsu masu ilmi ne da suka fito daga Jami'ar Makerere: likitoci, malamai, alƙalai. Cikinsu akwai John Sentamu, masanin shari'a da ya gudu a 1974, wanda daga baya ya zama babban limamin cocin Ingila na York daga 2005 zuwa 2020. Akwai waɗanda yaƙin farkon shekarun 1980 ya kora, da mutanen arewacin Yuganda, musamman ƙabilar Acholi, da suka gudu bayan 1986 da kuma lokacin ta'asar mayaƙan madugun 'yan tawaye Joseph Kony. Bayansu sai 'yan ci-rani na zamanin yanzu, waɗanda a harshen Luganda ake kira nkuba kyeyo, wato masu bugun tsintsiya, domin an san cewa mai digiri idan ya isa Landan ko Boston, shara da wankin tsofaffi da gadi ne farkon abin da zai samu. Sunan ya fara ne da ba'a, amma da gidajen bene suka fara tashi a gefen Kampala da kuɗin tsintsiyar, sai bakin masu ba'ar ya mutu. A garin Waltham da ke kusa da Boston sun yi yawa har ana kiran wurin Ƙaramar Kampala, da coci-cocinsu da gidajen abincin da ake sayar da matoke, ayabar nan da suke turarawa, kuma ƙungiyarsu ta Amurka ta Arewa tana taron shekara-shekara tun kafuwarta a 1988.

Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne nauyin gida. Tafiyar ɗan Yuganda sau da yawa jari ce ta dangi: an sayar da fili ko an ci bashi aka biya kuɗin biza da jirgi, saboda haka albashinsa yana da masu shi tun kafin ya shigo. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin uwa, ginin da aka fara, duk suna jira, kuma tun da aka samu turawa ta wayar salula kai tsaye, babu sauran uzurin nisa. A 2023 kuɗin da 'yan Yuganda na waje suka tura gida ya kai kimanin dala biliyan 1.4, kuma an yi shekaru da dama yana zarce abin da gahawa, babban amfanin gonar da ƙasar ke fitarwa, take kawowa. Suna da ƙungiyoyin taimakon juna da suke kira munno mukabi, ma'ana abokin ranar wuya, waɗanda babban aikinsu shi ne haɗa kuɗin mayar da gawa gida. A Bamuda kuwa kuɗi fita yake yi: kusan kashi uku cikin goma na mazauna tsibirin a waje aka haife su, kuma ma'aikatan Filifin da Indiya da Jamaika su ne ke layi a wurin tura kuɗi. Mahaifiyar ƙawarki tana karɓar dalar Bamuda, wadda darajarta ɗaya da ta Amurka, shi ya sa take iya taimaka wa 'yarta a Ingila.

Gwamnatocin biyu ma ba abu ɗaya suke nema a wurin 'ya'yansu na waje ba. Yuganda tana da matasan da ba ta da aikin ba su, don haka tana son su fita su turo kuɗi, ta kuma halatta riƙe fasfo biyu bayan gyaran tsarin mulki na 2005 don kada igiyar ta tsinke. Bamuda kuwa tsufa take yi, a 'yan shekarun nan masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa, saboda haka mutanen take so su dawo da kansu, su yi aiki su biya haraji.

Ga inda nake ganin hukuncin gaggawa zai yaudare ki. A yau 'yar Bamuda ta fi kwanciyar hankali, amma ba lallai ne ta fi gaba mai kyau ba. Ƙofar Ingila a buɗe take ga kowane ɗan Bamuda, mai ilmi da marar ilmi, shi ya sa za ki samu waɗanda suka zo ba sana'a ba jari suna zaune a kan tallafin gwamnati. Ɗan Yuganda kuwa sai ya bi ta rariya mai ƙananan ƙofofi kafin ya iso, kuma wanda ya tsallake ta yawanci mai takardun karatu ne, wanda zai matsa wa 'ya'yansa su zama likitoci da injiniyoyi. Bayan haka, fam ɗaya idan ya isa Kampala ya zama sama da shilin 4,000, kuma shekara goma na aikin dare suna iya zama fili da gida da ɗakunan haya da mutum zai koma ya tsufa a cikinsu. Fam ɗin nan idan ya isa Hamilton ƙanƙancewa yake yi, domin albashin mai kula da tsofaffi a Ingila ba zai sayi ko ɗakin girki a can ba. 'Yar Yuganda ta sha wuya kafin ta fito amma tana da hanyar komawa, 'yar Bamuda ta fito cikin sauƙi kuma mai yiwuwa ba za ta iya komawa ba sai da ziyara, a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin wasan kurket na kwana biyu tsakanin ƙungiyoyin Somerset da St. George's da suke tunawa da ranar 'yanta bayi da shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo an ce wanda ya ci zaɓen magajin garin New York haifaffen Kampala ne, amma da na ga hotonsa sai na ga kamannin Indiyawa. Kuma wani abokin kasuwancina ya ce 'yan Yuganda suna cikin baƙi mafiya arziki a Ingila. Yaya abin yake? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji, barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Zohran Mamdani, wanda ya ci zaɓen a Nuwamban 2025, an haife shi a Kampala a 1991, kuma mahaifinsa, Farfesa Mahmood Mamdani, yana cikin 'yan asalin Indiya da Idi Amin ya kora a 1972. Kakannin wannan al'umma sun shigo gabashin Afirka a zamanin mulkin mallaka, wasu a aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa da aka fara a 1896, mafi yawa kuma 'yan kasuwa ne daga Gujarat da suka biyo baya. Turawa suka ajiye su a tsakiya, ƙasa da Bature, sama da ɗan ƙasa, har ya zamana kantuna da injinan gurzar auduga da masana'antar sukari duk suna hannunsu, alhali ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba. A ranar 4 ga Agustan 1972 Amin ya ba su kwana 90 su fice. Kimanin 28,000 suka sauka a Birtaniya, sama da 6,000 a Kanada, kuma abin da aka bari kowane ya fita da shi bai wuce kimanin fam 50 ba.

Ba a tarbe su da hannu biyu ba. Da yawansu suna riƙe da fasfon Birtaniya, amma wata dokar shige da fice da Birtaniya ta yi a 1968 ta riga ta taƙaita shigowarsu, kuma hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana roƙonsu kada su zo garinta. Suka zo duk da haka, kuma titin Belgrave na Lesta, mai cike da shagunan gwal da atamfofin Indiya, su ne suka raya shi. An ƙwace musu dukiya, amma ba a iya ƙwace Turancin da suke ji ba, da sanin ciniki, da dangin da suka riga su zuwa daga Kenya, da amanar da ke sa ɗan uwa ya ba ɗan uwa jari ba takarda, kuma ku 'yan kasuwa kun san darajar wannan na ƙarshen. Sai dai ba dukansu suka zama masu kanti ba. Da yawa leburanci suka yi a masana'antu, har suka jagoranci yajin aiki a kamfanin keken rubutu na Imperial a Lesta a 1974 saboda ana biyansu ƙasa da Turawa. Daga baya gwamnatin Yuganda ta yi dokar mayar musu da kadarorinsu a 1982, Shugaba Museveni ya ƙarfafa dawowarsu, kuma iyalan Madhvani da Mehta suka koma kan masana'antun sukarinsu na Kakira da Lugazi.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, amma ga inda take da tarko: babban kaso na waɗanda ƙidayar Ingila ta rubuta a matsayin haifaffun Yuganda waɗannan Indiyawan ne, da suka yi sama da shekara hamsin a ƙasar da cikakken 'yancin zama da gidajen kansu. Idan aka haɗa lissafinsu da na matar da ta sauka shekara uku da suka wuce tana wankin tsofaffi, adadin da zai fito ba zai kwatanta ko ɗayansu ba.

TAMBAYA: Malam, da na je Umara na ga mata baƙar fata da yawa suna riƙe wa Larabawa yara, aka ce mini 'yan Yuganda ne. Shin mutanen irin waɗannan tsibirai masu kuɗi su ma suna zuwa wannan aikatau? Daga wata uwa a Damagaram.

AMSA: Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Ba sa zuwa, kuma lissafi kaɗan zai nuna miki dalili. Waɗannan mata su ne kaso mafi girma na masu barin Yuganda a yanzu, kuma su ne mafiya rauni. Gwamnati ta tsara fitar da ma'aikata ta hannun kamfanoni masu lasisi tun 2005, lokacin da dubban maza suka tafi gadin sansanonin sojan Amurka a Iraƙi. A 2015 ta ƙulla yarjejeniya da Saudiyya kan 'yan aikin gida, ta dakatar da turawa a farkon 2016 saboda rahotannin cin zarafi, sannan ta sake buɗewa a 2017. A 2022 kaɗai, waɗanda suka fita aiki ƙasashen Larabawa sun fi mutanen Bamuda duka yawa. A gida ana kiransu kadama, daga kalmar Larabci ta mai hidima. Kwantiragin shekara biyu suke yi, ba iyali, ba hanyar zama 'yan ƙasa, fasfo sau da yawa yana hannun uwar ɗaki, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala (wanda ke ɗaure zaman ma'aikaci da ubangidansa) a 2021 bai shafi 'yan aikin gida ba. Matanmu da suka yi zaman takari a Jidda da Makka sun san ɗanɗanon wannan rayuwa.

Albashin da aka saba yanka wa 'yar aikin Yuganda a Saudiyya riyal 900 ne a wata, kimanin dala 240. Lokacin da Bamuda ta kafa mafi ƙarancin albashi a Yunin 2023, dala 16.40 ta sa a kowace awa. Mai wanke kwanuka a otal ɗin Hamilton yana haɗa albashin watan wannan baiwar Allah kafin ya tashi daga aiki a rana ta biyu.